Yayana Mai Ɗinkin Bango

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, sai dai Yaya ya riga ni, kamar yadda ya saba riga ni a komai ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki a ƙofar gidansa da ke Nakkasa, can saman dutse inda mota ba ta hawa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka aro kujeru, ana ta zagayawa da shayi. Ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ni ake miƙa wa hannu, kuma kunnena ne ya sha abin da mutane suka zo da shi.

Limamin masallacin unguwa ya riƙe hannuna ya ce, "Mun yi rashin mutum mai haƙuri." Saura kaɗan shayi ya sarƙe ni. Wani maƙwabcinmu Bazazzagi ya ce marigayi bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, alhali shi ɗin nan Yaya ya taɓa kora da tsintsiya don ya jingina da bangon da bai bushe ba. Babban ɗan Yaya, wanda a nan Makka aka haife shi, Hausarsa ma sai ya haɗa da Larabci, yana ta gaya wa abokansa cewa ubansa fannan ne, wato gwanin zane, ya kuma juyo gare ni, ni baffansa, yana cewa, "Ko ba haka ba, Ammi?" Na ce haka ne, don ba wurin gardama ba ne.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, ita ma daga bayan labule. Matar Yaya ce. Mata na ba ta haƙuri, sai na ji muryarta cikin kuka tana cewa, "Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa. Amma faranti huɗu ya bar mini. Huɗu! Ni da na tara tangaran cike da kabad."

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. In aka bi ta masu gaisuwa, nan da shekara za a mayar da Yaya wani salihin tsoho mai murmushi wanda ba a taɓa yin sa ba, shi kuma na gaskiyar ya ɓace. Gara in rubuta shi yadda yake, ko da raina zai sake ɓaci.

Daga wani ƙauye kusa da Kano muka taso, mu biyu da matanmu. Shekara huɗu muka yi a hanya, muna tsayawa a Sudan muna aikin auduga, kafin muka tsallake ruwa. Muka yi aikin Hajji, muka ce bari mu ɗan huta kafin mu koma. Hutun ke nan har yau. A gida Yaya magini ne, shi ke yi wa bangon gidajen masu hali zane da laka. Da muka zo nan sai ya liƙe wa wani tsoho mutumin Sham, ya koyi aikin balaɗ, wato falankin dutse da na tangaran da ake shimfiɗawa a ƙasa da jikin bango. Daga nan ya zarce zuwa abin da ya fi so, jera ƙananan gutsattsarin tangaran da gilashi ɗaya bayan ɗaya har su zama zane. Larabawa suna da sunansa mai wuyar faɗa. Shi ɗinkin bango yake ce masa. Ni kuma ni ne mai kwaɓa masa siminti, yana kirana Auta har furfura ta cika mini gemu.

Tafiya da Yaya a titi azaba ce. Ba ya duban gabansa, ƙasa yake dubawa. In ya hangi fasasshen kofi ko gindin kwalba, sai ya durƙusa a tsakiyar hanya, jaki na bayansa, mai jaki na zagi, shi yana ɗaga abin sama yana kallonsa a rana. Babu rigarsa da aljihunta bai huje ba. Ɗakinsa cike yake da gwangwanayen madara, kowane da launinsa, kuma shuɗi kaɗai ya kasa shi gida bakwai. In ka shiga gidan mutane da shi, kafin ya gama amsa gaisuwa ya fara duba taga yana tambayar mai gida, "To, a ɗakin nan ina haske yake zama?" Wa ya taɓa tambayar mutum haka a gidansa?

Abin ya ƙara lalacewa ne saboda burodi. A farkon shekarun sittin, lokacin da ake ta rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami, garin duk ƙura da ƙarar injina, wata safiya na sayo mana tamis, wato burodin tanda, wurin wani Babuhare, baƙo daga wata ƙasa can arewa maso gabas, mai gashi a gindin dutsenmu. Ya naɗe mini shi a takardar wata mujalla. Ina ajiyewa Yaya ya zare takardar, burodin ya faɗi ƙasa, bai ko dube shi ba. Hoto ne mai launi, wani dogon zaure mai rufin baka, bangonsa duk ɗinki, fitilu na lilo, ƙasan na sheƙi kamar an zuba ruwa. Ya ja ni muka koma wurin mai burodin.

Babuharen ya duba ya tsuke baki. Ya ce, "Tashar jirgin ƙasa ce, a babban birnin mutanen da suka kori ubana daga ƙasarmu. A ƙarƙashin ƙasa take. Jirgin ma ta rami yake bi."

Yaya ya ce, "Ƙarƙashin ƙasa? Wannan hasken?"

Na nuna masa cewa akwai surar mutane a jikin bangon, ba aikin Musulmi ba ne. Ya ɗora babban yatsansa ya rufe su. Ya ce, "Ba ruwana da su. Dubi nan, Auta. Fitilar guda ce, amma bangon ya mayar da ita goma. Mutanen nan sun san rami yana shanye haske, sai suka yi masa bangon da ba ya sha." Wata guda ba mu yi wata hira ba sai ta ramin jirgi. Ni ban taɓa ganin jirgin ba, shi ma haka, amma da za ka ji shi sai ka rantse shi ya haƙa.

Ana nan sai muka sami aikin da na ɗauka shi ne mafitarmu. Wani attajiri ɗan Jidda yana gina masaukin alhazai a Misfala, bene mai hawa shida, da wurin alwala a ƙarƙashin ƙasa wanda ake sauka da matakala ashirin da wani abu. Wakilinsa ya gaya mana baki da baki cewa in muka gama aikin ƙasan, mai gida zai tsaya mana mu sami iƙama, wato takardar izinin zama, mu biyu. Wanda bai zauna a garin nan ba takarda ba ba zai gane abin da wannan magana take nufi ba. Shekara ashirin ina shigewa lungu in na hango motar 'yan sanda. 'Yata ba ta shiga makaranta ba. In ciwo ya kama mu, sai dai jiƙo da addu'a, don tsoron a tambaye mu takarda a bakin ƙofa. Ran da wakilin ya yi wannan alkawari, da na koma gida rawa ce kawai ban yi ba.

Mai kula da ginin wani saurayin injiniya ne, muhandis muke ce masa. Ya kawo balaɗ ruwan toka, marar sheƙi, ya ce a shafe bangon matakalar da shi. Yaya ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

Ya ce, "Ya muhandis, wannan zai mayar da wurin nan kabari. Ƙofa ɗaya ce a sama, tana duban gabas. In ka ba ni fari mai sheƙi da ɗan rawaya, zan sauko maka da rana har bakin famfo."

Muhandis ya ce, "Ya mu'allim, akwai lantarki. Ka yi abin da ke takarda."

Na ja Yaya gefe na roƙe shi da girman iyayenmu. Na ce ko baƙin gawayi aka ba mu mu liƙa, mu karɓi iƙamarmu, in ya so ya je ya yi ɗinkinsa a gidansa. Ya ce to. Kwana uku muna liƙa ruwan toka, yana aiki yana tsaki. Rana ta huɗu na tsaya sayen ful, dafaffen waken karin kumallo, bayan sallar asuba, ya riga ni zuwa. Ina saukowa na ji ƙarar guduma. Ya farfashe aikin kwana ukun nan tas, yana tsaye cikin tarkace, gemunsa fari fat da ƙura.

Na ce, "Yaya, me ka yi mana?"

Ya ce, "Na tsaya a ƙasa na duba sama, ban ga ƙafata ba. Tsohuwa za ta sauko nan da buta a hannu."

"Tsohuwar wa? Uwarka ce? Takardarmu fa?"

"Uwar wani ce."

Kafin azahar an kore mu. Wakilin ko kallonmu bai yi ba. Muka hau dutse ina gaba yana baya, yana ta yi mini bayanin inda rana take faɗowa da hantsi, kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure. Daga ranar na daina yi masa magana. Bango ɗaya ne tsakanin gidana da nasa, sahu ɗaya muke sallah, amma wata goma sha ɗaya sallama kaɗai ke haɗa mu. Abin haushin, ban tabbata ya lura ba.

Cikin waɗannan watanni matata ta kwanta. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ɗakinmu na ciki a jikin dutse yake, rabi gini rabi kogo, ba taga, amma shi ne mai sanyi, don haka nan muka kwantar da ita. Mace ce mai ɗinkin hula, hannunta na dama lafiya lau, amma a duhun nan ko bakin allura ba ta gani. Sai ta yini tana kallon rufi. Da Hajji ya zo na tafi Mina dako, don ba yadda zan yi, na bar ta da 'yarmu.

Kwana shida na yi. Na dawo a gajiye, ina shiga tsakar gida na ga tulin ƙasa da duwatsu. Na ɗaga kai, sai ga rami a rufin ɗakina, faɗin tire, an kafa masa wani guntun bututu a karkace. Na faɗa ɗakin ina salati. Bangon da ke fuskantar gadonta, daga sama har ƙasa, an ɗinke shi da farin tangaran da gutsattsarin madubi, da wani siririn layi shuɗi yana zagaye shi. Rana ta shigo ta bututun ta bugi bangon, ta watsu a ɗakin har ƙarƙashin gado. Matata na jingine da matashi, ta maƙale hula a gwiwa, tana ɗinki.

Na ce, "Wa ya fasa mini rufi?"

Da bakinta da ya karkace ta ce, "Wa kake tsammani? Ya zo da guduma ya ce in rufe fuskata da zane."

"Bai nemi izinina ba!"

"Ai ba ka yi masa magana. Ta ina zai nema?"

Ina cikin wannan sai ga matar Yaya ta shigo, ta nuna bangon da yatsa tana lissafa mini. Wancan farantin da ta saya ne shekarar da ta haifi babban ɗanta. Wancan mai bakin zinariya wata Hajiya 'yar Jawa ce ta ba ta. Ta ce, "Cewa ya yi wai sun tsage. Ni na san lafiyarsu ƙalau, Auta. Da kunnena na ji yana tsaga su a bayan gida."

Na fita na same shi yana wanke cokalin gininsa. Na buɗe baki in yi masa faɗan wata goma sha ɗaya, sai ya riga ni. Ya ce, "Kwaɓin da na yi da kaina bai yi kyau ba. Naka ya fi." Iyakar ban-haƙurin da na taɓa samu daga gare shi ke nan. Da aka yi ruwan sama a shekarar, bututun ya zubo mana da shi har kan tabarma, muka yi ta tara kwanoni. Na gaya masa, ya ce ruwan Makka sau nawa ne a shekara. Matata ta yi shekara biyu a ɗakin nan tana ɗinki kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta yarda an toshe ramin ba ko sau ɗaya.

Bayan Hajji na uku da korarmu, wata rana da la'asar muka ga mutum da farar riga da takalmi sau-ciki yana hawowa dutsenmu yana haki. Muhandis ne. Ashe lokacin Hajji, in gari ya cika, wutar lantarki takan ɗauke, matakalar nan ta zama rijiya. Tsofaffi sun sha zamewa, har wata ta karye a ƙugu. Mai gida ya ce a nemo baƙin mu'allimin nan mai taurin kai. Yaya ya zaunar da shi a tabarma, ya sa ya sha shayi kofi uku, yana tambayarsa lafiyar iyayensa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce zai duba ko yana da lokaci. Mutumin da ya yi wata biyu ba aiki.

Wata biyar muka yi a ramin nan. A nan na ga abin da yake nufi tun farko, kuma ina jin haushin amincewa da hakan. Kowane gutsure sai ya ɗan karkata shi kaɗan, na sama ya duba ƙofa, na ƙasa da shi ya duba na sama, suna miƙa wa juna hasken kamar masu miƙa bokiti a wurin gini. Farin tangaran ne jikin bangon, da rawaya a tsakiya, da irin zanen da yake yi a gidajen garinmu da laka, ba surar komai mai rai. Bakin kowace matakala ya ja masa farin layi. Da hantsi in ka kashe fitila, sai ka ga rana tana saukowa taka ɗaya-ɗaya har ta taɓa famfunan alwala.

Ran da aka gama babban bangon, attajirin da kansa ya zo, karo na farko da muka gan shi. Ya sa aka kashe wuta, ya sauka ba ya riƙe da komai, ya hau, ya sake sauka. Ya kama hannun Yaya ya ce, "Ya mu'allim, roƙi abin da kake so."

Na taka ƙafar Yaya. Na sake takawa. Na matsa kusa da kunnensa na ce da Hausa, "Takarda, Yaya. Iƙama."

Sai ya ce, "Akwai akwatuna biyu a ɗakin ajiya, na gilashi mai ruwan zinariya da ya farfashe a jirgin ruwa. In ba a amfani da su, ina so."

Attajirin ya yi dariya ya ce a ba shi, ya shiga motarsa. Ba mu ƙara ganinsa ba, aka ce ya tafi ƙasar waje jinya. Ni na ɗauko akwati ɗaya a kaina har saman dutse.

Na ce, "Sau biyu na taka maka ƙafa!"

Ya ce, "Na ji. Na ɗauka wurin ne ya yi maka ƙunci."

"Na kuma faɗa maka a kunne."

"Wannan kunnen ba ya ji sosai. Kuma ka san irin gilashin nan ba a samunsa a garin nan?"

Har yau da nake rubutun nan ba ni da iƙama. Ina so a rubuta wannan a gefen duk wani yabo da za a yi masa.

Saura kusurwa ɗaya a can ƙasa, kusa da famfo na ƙarshe, sai jikinsa ya ƙi. Yanar ido ta rufe masa gani, ƙirjinsa kuma ya cika da ƙurar shekaru, in ya yi tari sai ka ji kamar ana jan buhu. Ya kira ni bakin shimfiɗarsa ya ce in je in ƙarasa. Na ɗauka ban ji daidai ba, don tsawon zamanmu bai taɓa barina na liƙa ko gutsure ɗaya ba. Na je na yi kwana tara a durƙushe. Muhandis ya duba ya ce mumtaz, wato ya yi kyau matuƙa, ba a bambanta shi da na mu'allim.

Yaya ya ce sai an kai shi. Ni da ɗansa muka ɗora shi a kujera, muka sauko da shi dutse, muka sa shi a mota, muka sake ɗaukarsa zuwa ƙasan ginin. Ba ya ganin komai sai inuwa. Ya miƙa hannu yana shafa aikina da yatsu, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ina tsaye ina jira, ni tsoho da jikoki, kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Ya ce, "Layi na uku ya karkace. Cire shi."

Na ce, "Ba ka gani fa, Yaya."

"Yatsana na gani."

"Muhandis ya ce ya yi."

"Muhandis!" Ya yi tsaki har tari ya sarƙe shi.

Na rantse ba zan cire ba. Muka hau da shi muna faɗa, ɗansa na cewa, "Halas, ya Abuya, halas, ya Ammi," wato mu bari haka, ba mai saurarensa.

Bayan kwana biyu, da hantsi, matarsa ta aiko a kira ni. Na ga alamar tafiya ce. Na durƙusa na kama hannunsa na ce ya yafe mini duk abin da na yi masa, ni ma na yafe. Ya ce ya yafe. Ya yi kalmar shahada, muka amsa. Ya yi shiru har na ɗauka shi ke nan. Sai ya ɗan matsa hannuna.

Ya ce, "Auta. Ka cire layin?"

Na ce, "In sha Allahu."

"Na 'yan kasuwa, ko na gaske?"

Kafin azahar ya cika, aka yi masa sallah da la'asar.

Da aka tashi daga zaman makoki, washegari na ɗauki guduma da igiya na tafi Misfala, niyyata in auna in tabbatar wa kaina cewa rigima ce kawai irin tasa. Na ja igiyar a kan layi na uku. Daga tsakiya zuwa ƙarshe ya sauka, bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba. Na zauna a kan matakala na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, ina yi ina jin haushinsa. Sannan na fara fasawa.

Wani dattijo da ya sauko alwala ya tsaya a kaina ya ce, "Bawan Allah, me ya sa kake ɓata aiki mai kyau haka?"

Na ce, "Ya karkace."

Ya duba, ya sake dubawa, ya girgiza kai ya wuce. Kwana biyu na yi kafin na mayar da shi daidai.

Allah ya gafarta wa Yaya, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, tunda haƙurin zama da shi mun riga mun yi.